Na Kai Dada Hansai Damare

Baban Naziha,

Kana barcin gajiyar sintiri, ban tashe ka ba. Na tafi kai Dada Hansai sansanin 'yan gudun hijira na Damare.

Ɗazu 'yan kwamitinku na tsaron unguwa suka zo da takarda. Wai duk baƙon da bai kawo mutum biyu 'yan garinsu sun shaide shi ba, ya bar Makama kafin Juma'a. Na ce shekararta guda a gidanmu, ita ke raka Naziha makaranta. Shugabanku Zubair ya ce shaidata ba ta da amfani, sai ta ɗan Madagali. Dada ta ce masa, "Ɗana, waɗanda suka san ni ai a rami ɗaya aka binne su."

Na karɓi takardar na duba. Sa hannunka ne na uku.

Ko kuka ba ta yi ba. Sai da ta share ɗakin tsaf sannan ta ɗauki ƙullinta. Maganin ciwon bayanka da ta daka yana kan taga.

Idan Naziha ta dawo ta tambayi Dada, kai za ka faɗa mata. Ni ba zan iya ba.

Sa'adiyya