Tun Kunnen Yana Ji

Yaya,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai ƙarar injinan wurin aiki ta ɗan taɓa min kunnen hagu. Likita ya ce na daman ma ya kama hanya. Kada Inna ta ji.

Kin tuna mawaƙan rok ɗin nan da kike cewa kiɗansu kamar faɗan tukwane? Ranar Asabar suna wasa a garin nan. Da na nemi izini, shugabanmu na wurin aiki ya ce, "In ka tafi, kada ka dawo." Na ce masa to.

Ki ɓoye min kaset-kaset ɗina, kada yara su warware su. Shekara goma ina jin jitar nan daga nesa, Yaya. Zan je in ji ta ido da ido, tun kunnen yana ji.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki