Kafaɗar Mijina Ta Gaji, Shi Bai Yarda Ba

Anti Marlene, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mijina ne mai jefa ƙwallo a wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, tun kafin mu yi aure. Ranar Lahadi aka lallasa su. Ana tashi, masu sharhi a talabijin suka jera hotonsa da na Braylon, matashin da ke jefa wa ɗaya ƙungiyar. Braylon ya jefa talatin, ashirin da shida sun isa hannu. Mijina ya jefa talatin da biyar, sha huɗu kawai 'yan ƙungiyarsa suka cafe, uku abokan hamayya suka wafce. Wani har da dariya, wai tsoho ya koma gida ya riƙa jefa wa kare sanda.

Ba su san kafaɗarsa ta lalace ba. Ni nake sa masa riga da safe. Ko 'yarmu ba ya iya ɗagawa. Ya ɓoye wa likitan ƙungiya, yana zuwa wani wuri ana yi masa allurar kashe zafi. Da na yi magana sai ya ce, “Ke dai ki yi shiru, in na zauna mako ɗaya na zauna ke nan.” Yanzu wuni yake yana maimaita bidiyon jifan Braylon, abinci ya huce a gabansa. In na gaya wa likita, na ci amanarsa. In na yi shiru, ina kallo hannun zai mutu. Na gaji, Anti.

Mai Kuka a Ɓoye

'Yata, na ji ki, kuma na tausaya muku ku biyu. Kada ki ɗauka taurin kai ne kawai. Mutumin da bai san wata sana'a ba sai jifa, tsoro ne ke cinsa, kuma tsoron nasa yana da hujja: wataƙila in ya zauna ba zai koma ba. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Amma kada ki je wa likita a bayan idonsa. Ki kashe talabijin ɗin, ki faɗa masa ido da ido cewa kafin wasa na gaba ko dai ku je tare, ko ki je ke kaɗai da saninsa. Ki nemo wani tsohon ɗan wasa da yake jin maganarsa ya raka ku. Zai yi fushi, ki jure.

Masu sharhi za su manta da shi cikin wata guda. 'Yarku kuwa tana nan tana miƙa masa hannu. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Anti Marlene