Takalmin da Aka Yanke wa Baki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai ƙamshin girmamawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida.

Kin san babban yatsan ƙafata ya kumbura har na yanke bakin takalmina, ina shiga aji da shi ɗalibai na sunkuyar da kai. Na je asibiti wurin ɗanki Likita, ya auna jinina, ya ce sinadarin yurik ya yi yawa, shi ke taruwa a gaɓa. Ya ƙara da cewa masu yawansa sau da dama jininsu na tafiyar hawainiya a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ko da babu toshewa. Sai na tsara:

Yatsa ya yi kuka a fili,
Zuciya ta yi nata a ɓoye.

Ya nemi in koma a duba jijiyoyin. Ki ba shi haƙuri, ayyuka sun yi mini yawa.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Auta,

Muna lafiya. Bar ni da waƙa. Na kai wa yaron nan saƙo ofis, na ga takalmi wari ɗaya mai yankakken baki a ƙarƙashin teburinsa. Na tambaye shi, ya ce sirrin majinyaci ne. Ni kuwa na san ƙafar da na yi wa wanka. Da me ka koma gida?

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa daga wanda kunya ta ɗaure wa alƙalami.

Da safa a ƙafa na koma gida, domin na je wurin ɗanki a duba jijiyoyin. Ya sa na tuɓe riga, ya manna mini wayoyi a ƙirji, ya ɗora ni kan na'urar da ake tafiya a kanta ba a isa ko'ina. Ban yi nisa ba ƙirjina ya ɗaure, na yi tuntuɓe, takalmin ya fice, na faɗa hannunsa. Yana riƙe da ni yana cewa, “A hankali, Kawu, ɗaya bayan ɗaya.” Yaya, kalmomin da na koya masa tafiya da su ne a tsakar gidanki. Da ya fita kiran ma'aikaciyar jinya, na ɗauki rigata na sulale.

Har yanzu ƙirjin na ɗaurewa idan na hau matakalar makaranta. Amma da wane ido zan dube shi?

Ki gafarce ni.
Ƙaninki.

Auta,

Da idon da ya dube ka lokacin da ya faɗi a gabanka, hanci duk majina. Na ce ya ba ni takalmin in aiko maka, ya ce sai mai ƙafa ya zo da kansa. Gobe da safe ina ƙofar gidanka. Ka sa silifa.

Allah ya ba ka lafiya.
Yayarka.