Dokin Ƙofar Duba-gari

Juma'a, 9 ga Maris, 1979

Wata Juma'ar kuma a ɗaki. Na ji kiran salla, na ji takun mutanen Farin Dutse suna wucewa ta bayan taga, na yi Azahar a zaune. Tun da ƙafafun nan suka shanye bayan kaka ban ga ƙofar gida ba. Ina jan jiki daga gado zuwa buta, daga buta zuwa taga. Dokin ƙofa ne iyakata. Ni na gina shi da hannuna, ya kai gwiwa, yadda aka koya mana a makarantar tsabta a Kano, don kada ruwa da kwaɗi su shigo. Sa'ad da nake duba-gari na En'e, babu gidan da ban tilasta wa irinsa ba daga nan har Maruta.

Batulu matar Ɗanladi tela, maƙwabcina, ta kawo tuwo miyar kuka. Tun rasuwar matata Mero ita ke ci da ni. Abin da take fitarwa daga ɗakin nan da safe kuwa ba zan rubuta shi ba.

Lahadi, 11 ga Maris

Darbejiyar da ke bayan tagata ta zama majalisa. Tun da soja suka ce a yi siyasa, unguwa ta rabu biyu. Mutanen Alhaji Hadi ɗan kwangila, mai neman kujerar majalisar jiha, suna cewa kuɗin mai ya zo, za a gina gidajen siminti, a kuma gina gidan gajiyayyu a Birnin Kudu, a tara guragu da makafi a riƙa ci da su. Su Ɗanladi suna cewa magani kyauta, ɗakin shan magani a kowace gunduma. Na ji muryarsa: "Mutum ba akuya ba ne da za a kora shi garke don ya gurgunce."

Wani ya ce, "To ga Malam Abdulsalami nan a ciki, me kuka yi masa?"

Ɗanladi ya ce, "Ku me kuka yi?"

Ina jin su. Tsakanina da su bai fi tsawon tabarma ba. Babu wanda ya leƙo ya tambaye ni. Babu kuma wanda ya ambaci salga ko murfin rijiya, alhali can cutar take.

Talata, 20 ga Maris

Alhaji Hadi ya zo da ganga da mai ɗaukar hoto. Ya kawo mini keken guragu, irin wanda ake tuƙawa da hannu. An shafe shi da fentin jam'iyyarsu, a bayan kujera an kafa allo da sunan Alhajin da manyan baƙaƙe. Ƙofata da faɗi, keken zai shiga, amma dokin ƙofa ya tare. Sai ƙarti biyu suka ɗauke ni kamar buhun gero suka ɗora. Aka yi hoto. Alhaji ya ce, "Malam, ka ga aiki a ƙasa, ba surutu ba." Na ce Allah ya saka da alheri. Suka mai da ni gado, suka tafi da gangarsu.

Keken yana tsakar gida, daidai inda nake ganinsa.

Laraba, 21 ga Maris

Ɗanladi bai shigo gaishe ni ba. Daga bayan katanga na ji yana ce wa Batulu, wanda ya hau keken can ya yi yawo da sunan mutumin can a bayansa, to ya nemi tuwo a gidan mutumin can. Ta ce, "Ai kuwa sai ka sauke tukunyar da kanka." Tuwo ya zo. Ban iya cinye shi ba.

Asabar, 31 ga Maris

Sulaimanu ɗan ƙanena ya zo daga Birnin Kudu, inda yake aikin akawu. Ya daɗe yana kallon soro. Akwai tsaga daga azara ta tsakiya zuwa kusurwar gabas. Kowace shekara kafin damina ana yi mini gayyar yaɓe. Bana ba a yi ba: in su Ɗanladi suka kira, mutanen Alhaji ba za su zo ba, in mutanen Alhaji suka kira, haka. Har jana'iza an fara duba wa ke gaba.

Ya ce, "Baba, in soron nan ya fara zubowa, ko ƙofa ba ka iya kaiwa waje." Ya ce Alhaji ya kama haya wani gida a Birnin Kudu, ya fara tara gajiyayyu don mutane su ga samfurin abin da zai gina. Akwai gado, akwai famfo. Da saukar ruwan fari zai zo da mota ya kai ni.

Na ce a nan aka yanke cibiyata, kabarin Mero kuma yana bayan gari. Ya ce, "To ka fita da kanka in gani, Baba, sai in bar ka." Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Shi ya fi ciwo.

Juma'a, 6 ga Afrilu

Kaji sun fara kwana a kan keken.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Na gwada. Da hantsi, babu kowa. Na ɗora ƙirji a kan dokin ƙofa, na ja, hannuwa suka ƙi. Na maƙale, kai a waje, ƙafafu a ciki, rana tana dukan ƙeyata. A haka Batulu ta same ni. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba, ta dai ja ni ciki ta ba ni ruwa.

Ta ce, "Baba Malam, a fasa abin nan mana."

Na ce ba a fasa dokin ƙofa. Ruwa zai shigo, ɗaki ya yi danshi, danshi ya kawo tari da sauro. Shekara da shekaru ina cin mutane tara a kan wannan.

Ta ce, "Na sani. Har Innata ka ci."

Haƙarƙarina na ciwo.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Majalisar darbejiya ta kai ga zage-zage yau. Mutanen Alhaji sun ce gidajen simintin da za a gina masu ɗaki biyu ne da matattakala a gaba, irin na ma'aikata. Matattakala. Su Ɗanladi sun ce in suka ci, likita zai riƙa bin gida gida. Wane likita? Duk gundumar Gwaram ma'aikatan lafiya nawa ne? Na buɗe baki in yi magana ta taga, muryata ba ta kai ba. Ko ta kai ba su ji ba.

Kowane ɓangare yana so in zauna yadda nake har a yi zaɓe. Waɗannan su nuna ni su ce ga wanda muka ba keke, waɗancan su nuna ni su ce ga wanda aka yaudara da keke.

Alhamis, 3 ga Mayu

Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, ya watse. Ƙasa ta zubo daga tsagar, a kan bargona. Na karkaɗe kafin Batulu ta gani.

Na yi mafarkin gidan Birnin Kudu da rana tsaka. Gadaje a jere, kowa da lambarsa.

Asabar, 5 ga Mayu

Batulu ta ce daɓen ɗakina ya farfashe, yana ci mini gwiwa, za ta kira matan unguwa su yi sabo ran Litinin. Na ce wa zai zo, unguwa a rabe? Ta ce, "Maza ne suka rabu. Mu ko jiya tare muka yi daɓe a gidan Dada." Dada ita ce mahaifiyar Alhaji Hadi, ita ke ba da waƙa a kowane daɓe tun ina saurayi.

Na ce daɓe kawai. Kada a taɓa mini dokin ƙofa. Ta ce to.

Litinin, 7 ga Mayu

Sun zo da madaɓai da tsakuwa da ruwan makuba, jiƙon kwasfar ɗorawa mai sa daɓe ƙarfi, matan gidajen jam'iyyun biyu. Ba a yin daɓe da namiji a wurin, ni kuma ba inda za ni. Dada ta ce, "Duba-gari, yau kai ne a kulle." Suka tura gadona jikin bango, suka rataya zane a gabana. Ina bayan labule ina shaƙar warin makuba.

Suka fara. Dada na bayarwa suna amsawa, madaɓai na sauka tare. Har da ni a waƙar: wai mai leƙa randunan mutane, yau ga mata a ɗakinsa ba ya ganin komai. Suka yi ta shewa. Ban san lokacin da na fara buga gefen gado da hannu ba.

Can sai na ji wani sauti daban, ba na madaɓi ba. Fartanya ce. Na san abin da ake sara. Na ce, "Batulu!" Waƙa ta ƙara ƙarfi. Na sake kira. Dada ta ce daga bayan zane, "Ba a magana da maza a wurin daɓe."

Zan iya yaye zanen. Hannuna yana kai. Ban yaye ba.

Da suka sauke labule, babu dokin ƙofa. Sun baje ƙasarsa sun yi gangare daga cikin ɗaki har tsakar gida, sun daɓe shi sumul, ja wur. Dada ta kori kaji daga keken, ta tsaya tana duban allon. Ba ta karatun boko. Ta ce, "Me aka rubuta a nan?"

Na ce sunan Alhaji ne, da na mahaifinsa.

Ta rufe baki da gefen mayafi. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, "Yaron nan" take cewa har yau da ya yi furfura. Ta ce, "Ni ina jin kunyar faɗa, shi ya rubuta a bayan kujera a riƙa yawo da shi a gari?" Ta ɗebi ragowar taɓon daɓe ta shafe allon gaba ɗaya, ta bi da tafin hannu ta lallaɓe.

Batulu ta juya baya tana ɓoye dariya.

Laraba, 9 ga Mayu

An ce kada a taka sai ya bushe. Ina kallonsa. Gangaren bai bi ƙa'ida ba, ya kamata a ce an ja masa kwata a gindi.

Juma'a, 11 ga Mayu

Batulu ta turo keken har bakin gado. Na hau da kaina, a karo na uku. Na gangara. Tsakar gidan ta fi yadda na bar ta ƙanƙanta, zogalen Mero ya wuce katanga.

Na tuƙa har masallaci. An matsa mini a ƙarshen sahu. Ɗanladi ya zaga bayan keken ya duba, ya ga taɓo. Ya ce, "Malam, wa ya yi wannan?" Na ce Dada. Sai ya kama keken ya tura ni har gida, wai hannuna zai gaji. Mutanen Alhaji ma sun gani. Wa zai je ya kankare abin da uwar Alhaji ta shafa?

Tuwo ya zo da man shanu.

Asabar, 19 ga Mayu

Ruwan fari ya sauka jiya da yamma. Yau Sulaimanu ya zo da mota, ya sami ɗaki ba kowa. A gindin darbejiya ya same ni, ina tambayar ɓangarorin biyu wanne ne a cikinsu zai sa wa rijiyar unguwa murfi. Suka dai koma kan gidajen siminti. Amma sun yi shiru har na gama magana.

Sulaimanu ya matso kusa da keken. Ya ce, "Baba, ina kayanka?" Na ce suna inda suke. Ya tuɓe rigar akawu ya hau soro ya duba tsagar, ya ce gobe zai dawo da magini. Motar ta koma ba ni.

Ruwa ya shigo ɗaki jiya, kamar yadda na faɗa. Ya kai har ƙafar gado. Na share shi da tsintsiya kafin Batulu ta zo, ya bi gangaren ya fita. Da ta tambaya na ce ko ɗigo bai shigo ba.