Ba Sanyi Ba Ne, Hayaƙi Ne

Assalamu alaikum. Ɗana, ina fata kana lafiya, kai da matarka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nemanku. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifinka ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci ba sanda.

Saƙonka ya iso cewa za ka zo ka ɗauke yaronka daga hannuna saboda tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ban ji daɗi ba. Ni na raine ka, ba ka mutu ba, yanzu kuma kai ne za ka ce riƙon ɗanka ya fi ƙarfina? To, ka karanta da kyau.

Tun da maigidan nawa, wato ɗan naka, ya fara tari, kowa ya leƙo sai ya ce sanyi ne. Gwaggonka ta hana shi ruwan randa, ta jibga masa rigar sanyi, ta ce a riƙa shimfiɗa masa tabarma a rana, jikin katangar baya, ya sha ɗumi. Muka bi. Yaro sai ƙara shaƙewa yake, ƙirjinsa na kuka kamar usur. Da na kai shi asibiti, likita ba ta tsaya kan abincinsa ba, tambayata ta yi me yake shaƙa. Ta ce baƙin hayaƙi na ɗauke da ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, suna shiga har cikin huhu, kuma yaro ya fi babba cutuwa.

Ina dawowa na tsaya gaban igiyar shanya. Farar rigarsa ta makaranta da na wanke da safe ta yi toka-toka. Ashe bayan katangar nan mai faci ke ƙona tsofaffin tayoyi don ya ciri wayar ciki. Wato mu da hannunmu muke kai yaro bakin hayaƙin, muna cewa magani ne!

Na yafa mayafi na same shi. Ya ce mini hayaƙi sama yake tafiya, kuma iska ba ta kowa ba ce. Na ce ta kowa ce, shi ya sa ba zai ɓata mana ita ba. Ya yi dariya. Ban yi faɗa ba, ka san ba na zubar da girmana a titi. Gida-gida na bi, na tara matan layinmu da yaransu masu tari, muka zauna a ƙofar shagonsa, na rataye rigar makarantar nan a kan injin iskarsa. Cikinmu har da matarsa, da jaririnsu a goye yana tari. Da ya ji tarin ɗansa sai ya kasa ɗaga kai. Da kansa ya ɗebo ruwa ya kashe wutar. Yanzu masu yin takalma yake bai wa tayoyin.

Maigidana kuwa jiya ƙwallo ya buga har ya fasa mini tulu, ban ko tsawata masa ba.

Sai kai. An ce motarka na tafe tana turnuƙe mutane da hayaƙi. Ka ji tsoron Allah ka gyara ta, jikokin wasu ne ke shaƙa.

Ka gai da matarka da ƙanenka. Mahaifinka da gwaggonka suna gaishe ka, ko da yake ita har yau cewa take rigar sanyinta ce ta yi aiki. Ka zo ka gan mu, amma kada ka zo da jakar kwasar kayan yaro. Yana nan inda yake.

Mahaifiyarka.