An Bar Ni a Kan Bencin Asibiti

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara.

Maigidana kafinta ne. Wata da watanni ke nan yana fama da ciwon ciki da na baya, ya rame har sai da na ƙara wa bel ɗinsa huji. Duk zuwan da muke yi asibiti, da an gama duba shi sai likita ya ce mutum ɗaya ya dawo su yi magana. Yayansa ne ke miƙewa tunda shi ne babba, ni kuwa a bar ni kan benci da fulas da jakar magunguna. In ya fito sai ya ce gyambon ciki ne ya yi tsanani, a dage da magani da addu'a. Ni ma na yarda, me zai sa in yi musu?

A zuwanmu na ƙarshe na tare wata nas a baranda ina mata ƙorafi, cewa mutumin nan cokali biyu yake yi ya ture kwano. Sai ta dafa kafaɗata ta ce in daina matsa masa, ai idan ciwon daji ya kai hanta da ƙashi haka yake hana cin abinci. Ta faɗa ne a kan na riga na sani. Anti, ban san lokacin da fulas ɗin ya suɓuce daga hannuna ba. Da ta ga fuskata sai ta kama baki, ta shiga ba ni haƙuri.

Da muka dawo gida na ja Yaya bakin ƙofa. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya fashe da kuka. Ya ce tun tuni likita ya gaya masa ciwon ya wuce warkarwa, sai dai a rage raɗaɗi. Wai yana tsoron in ƙaninsa ya ji zai karaya, ni kuma ban iya riƙe fuska ba. Ya roƙe ni in yi shiru. Ban yi masa alƙawari ba, na koma ciki.

Ni ce mai yi masa wanka, ni ce mai juya shi a gado, amma ni ce ban san abin da nake jinya ba! Faɗa nake masa kan abinci, har shagwaɓa na ce yana yi. Maganin raɗaɗin ma sai ya roƙa nake ba shi, don maƙwabciya ta ce jiki yana sabawa da shi. Na duba waya, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza, na ƙara rikicewa. Ga 'yarmu tana makaranta a wani gari tana shirin jarrabawar ƙarshe, kullum muna ce mata Baba yana samun sauƙi.

Ni ma da na ɗauka sauƙin ne. Gidan kafinta ne amma shekara da shekaru ƙofar kicin ɗinmu da dutse nake tokare ta, na yi mita har na gaji. Kwanan nan ya sa na kai masa kujera, ya zauna yana nishi ya gyara ta. Ya kuma sa an mayar wa abokan sana'arsa duk kayan aikin da ya aro.

In gaya masa? In kira yarinyar? Wa zan tambaya ya gaya mini gaskiya?

Matar kafinta

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Sannu, Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya. Ba a baranda ya kamata ki ji wannan labari ba, kuma kina da gaskiya da ranki ya ɓaci. Batun abinci da magani kuwa, ki sauke shi daga wuyanki. Kin yi aiki ne da abin da aka gaya miki.

Yayan maigidanki ba mugunta ya yi ba, tsoro ne da ƙauna. Sai dai jikin ba nasa ba ne, labarin ma ba nasa ba ne. Ki gaya masa cikin ladabi ba za ki jefa wa maigidanki maganar a ka ba, amma in ya tambaye ki ba za ki yi masa ƙarya ba. A zuwa na gaba ke ma ki shiga, ki ce wa likita ke ce mai jinyar. Ki tambayi inda ciwon ya kai, da abin da kowane magani yake yi, da alamun da za su sa ku garzayo, da lambar da za ki kira in abu ya rikice a gida. Ki nemi a haɗa ku da masu kula da rage raɗaɗi. Abin da ba ki gane ba a maimaita miki, ba rashin kunya ba ne. Maganin raɗaɗi ki ba shi a kan lokacin da likita ya tsara, kar ki jira ya roƙa. Abinci kaɗan-kaɗan, abin da ransa ke so. Wayar nan kuma ki ajiye ta, ba ta taɓa duba mijinki ba.

Shi kuwa maigidan, wani yana son ya ji komai, wani kaɗan ya ishe shi, kuma zaɓin nasa ne. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi yadda yake ganin ciwon nan, da ko yana son likita ya yi masa bayani da kansa. Sai ki yi shiru ki saurara. In ya amince, 'yarku ma ta ji gaskiya yanzu da yake iya hira. Jarrabawa ana sake ta, ki bar yarinyar ta zaɓa ko ta zo ko ta tsaya.

Sannan ki sake karanta wasiƙarki. Mutumin da ya daure wa wannan ciwo ya gyara ƙofar da ya yi shekaru yana cewa gobe, ya kuma mayar da kayan aro, ban ce lallai ya sani ba, amma ina zaton jikinsa ya riga ya gaya masa. Wataƙila yana ɓoye muku ne kamar yadda kuke ɓoye masa, yana jiran wanda zai fara magana. Kar ki bar shi da wannan nauyi shi kaɗai, ki ja kujera ki zauna.

Allah ya sassauta masa, ya ba ki ladan jinya, ya sa ku samu lokacin faɗa wa juna abin da ke ranku.