Na Goge Allon Baba Mai Gyaran Takalma Daga Hotonsa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin yau kwana goma ke nan ina zagaye wata mararraba, ina bin doguwar hanya zuwa wurin aiki, saboda kunyar wani dattijo.

Ni mai ɗaukar hoto ne. Da safe ina aiki a wani shago, hotunan fasfo da na 'yan makaranta, da yamma kuwa sai in rataya kyamarata in shiga titi in ɗauki abin da idona ya gani. Na yamman nan shi raina yake so. Amma shekara uku ina ɗora hotuna a shafina, masu yabawa ba su wuce ƙanwata da abokaina biyu ba, su ma ina jin kara ce kawai suke yi mini.

A mararrabar akwai wani mai gyaran takalma, kowa Baba yake ce masa. Mun saba sosai, don shi ya ɗinke mini igiyar kyamarata har sau biyu. Yana da benci da akwatin kayan aiki da 'yar rediyo, sai wani allo da 'yarsa ta rubuta masa da shuɗin fenti, sana'arsa da lambar wayarsa. Ranar da na roƙe shi in ɗauke shi hoto, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: allon nan ya fito, ko Allah zai sa mai yagaggen takalmi ya gani. Na ce masa an gama.

Na ɗauki kusan ashirin. A yawancinsu dariya yake yi, yana ba ni labarin wani da ya kawo ƙafar hagu gyara ya manta ta dama ce ta ɓalle. A guda ɗaya ne kawai ya sunkuya yana neman basillarsa da ta faɗi, goshinsa a tamke, kuma shi na zaɓa. Da na zauna gaban kwamfuta sai na ga allon ya cika ɗaukar ido, na goge shi. Na goge rediyon, na goge jerin takalman da ya gama suna ƙyalli. Na mai da hoton baƙi da fari, na ƙara duhu a kumatunsa, na rubuta "Rayuwa ke nan" a ƙasa.

Anti, hoton ya bazu fiye da zatona. Dubban mutane suna ta Allah sarki tsoho, wasu suna zagin 'ya'yansa da ba su sani ba. Har masu shirya wani baje kolin hotuna suka rubuto suna so su rataye shi wata mai zuwa, abin da na daɗe ina mafarki. Sai dai wata mata da ta gane wurin ta zo ta dire masa buhun tsofaffin kaya a gaban maƙwabtansa, tana ɗaukar kanta bidiyo. 'Yarsa kuma, ma'aikaciyar jinya ce, ta ga hoton a wayar abokiyar aikinta.

Da na je, Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya amsa gaisuwata, ya ce shekara talatin da ɗoriya yana wurin nan bai taɓa miƙa hannu ba sai don karɓar takalmi, sannan ya tambaye ni ina allonsa ya tafi. Tun ranar ban sake bi ta wurin ba.

Abokina ya ce kowa haka yake yi yanzu, in bari a gama baje kolin sannan in ba Baba haƙuri. Ina tsoron in na janye hoton damar ba za ta dawo ba, kuma wallahi ina kewar zaman bencin nan. Yaya zan yi?

Mai kyamara a wuya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Tun da har kana jin kunya, da sauran gyara.

Son a san aikinka ba laifi ba ne, shekara uku ba kwana uku ba ce. Daidaita haske ko rage gefen hoto ma aikinku ne, ba mai ce maka don me. Amma kai mutum ka canza. Ka tarar da ma'abocin sana'a cikin raha, ka kwashe duk shaidar sana'arsa, ka miƙa wa duniya abin tausayi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, nan kuwa kai ka ja, Baba da 'yarsa suka jiƙe. Ga alkawarin allo, kuma alkawari kaya ne.

Shawarar abokinka ba ta yi mini ba. Haƙurin da ka jinkirta sai ka gama cin moriyar laifin, Baba zai gane shi, ba yaro ba ne.

Ka fara da Baba kafin shafinka. Ka wanke hotunan asali, ka kai masa bencinsa a gaban maƙwabtan da suka ga buhun, ka faɗa masa abin da ka yi ba kwana-kwana, ka bar shi ya zaɓi wanda yake so. 'Yarsa ma tana da haƙƙin jin ban haƙuri daga bakinka. Daga nan ka sauke wancan, ka ɗora wanda ya zaɓa da allonsa, ka rubuta gaskiyar magana a taƙaice. Za a yi maka surutu na kwana biyu, za kuma a manta.

Masu baje kolin ka aika musu na asalin tare da bayani. Ba zan ruɗe ka ba, suna iya ƙi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gara su ji daga gare ka yau da a tona bayan an rataye hoton da sunanka a ƙasa. Idon da ya hango Baba a mararraba yana nan tare da kai, zai hango wasu.

In za ka je kada ka riƙa masa kyauta, wadda aka dire masa ta ishe shi. Ka duba ƙarƙashin gadonka, ba za ka rasa takalmin da ke neman ɗinki ba, shi za ka kai masa. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa albarka a sana'arku ku duka biyu.